Jifan dat ta intanet: zai iya kai mutum gasar duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna. Na kalli wasan ƙarshe na gasar dat ta duniya, wato wasan jifan allo da ƙananan kibiyoyi, a waya, wanda wani yaro ɗan shekara 17 ya ci, tun daga ranar abin ya shiga raina. Na sayi allo na rataye a ɗaki, sai dai a unguwarmu babu wanda ya san wasan, abokaina ma tsiya suke yi mini wai na koma maharbi. An ce ana karawa da mutanen wasu ƙasashe ta intanet. Ta yaya, alhali kibiyar tana hannuna? Ba a maguɗi? Kuma idan mutum ya ƙware ta nan, zai iya shiga irin waccan gasar?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yaron da ka gani shi ne Luke Littler, ɗan Ingila, wanda ya doke Michael van Gerwen na ƙasar Holan da ci 7 da 3 a watan Janairun 2025. Ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya ɗauki wannan kofi ba. Shekara guda kafin nan ma ya kai wasan ƙarshe yana da shekara 16, Luke Humphries ya tare shi. Ba kai kaɗai ya ja ra'ayinka ba, don haka ka bar abokanka su yi ta tsiyarsu.

Bari in fara da abin da ya fi ɗaure maka kai. A wasan dat ta intanet babu abin da ke bi ta waya sai hoto da lissafi. Kai kana ɗakinka da allonka da kibiyoyinka uku, abokin karawarka yana nasa ɗakin a Jamus ko Filifin da nasa allon. Ka jefa ukunka, ka shigar da makin da ka samu a manhaja, ta rage maka daga 501, shi ma ya jefa nasa. Manhajojin da aka fi sani su ne DartCounter da Lidarts da n01 na Nakka. Kamarar waya tana kallon allonka don ɗayan ya ga inda kibiyar ta sauka. Wannan ne ya sa wasan ya dace da irin sadarwar da muke fama da ita: ba kamar ƙwallon kwamfuta ba ne da jinkirin daƙiƙa ɗaya zai sa a zura maka. Nan bi da bi ake yi, ko hoton ya ɗan tsaya, jifanka yana nan yadda ka yi shi. Abin da ke ɓata wasa shi ne yankewar layi gaba ɗaya ko ɗauke wuta ana tsaka da zagaye, saboda haka ka tanadi fitila mai caji da isasshiyar data kafin ka karɓi gayyatar kowa.

Akwai mataki na gaba ga mai hali: na'urori irin su Scolia da Autodarts da Omni na kamfanin Target, waɗanda ke ɗauke da kamarori uku ko huɗu kewaye da allon, suna gane inda kowace kibiya ta caka su rubuta makin da kansu. Akwai kuma alluna masu lantarki irin Granboard, da ake jefa wa kibiya mai bakin roba. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da waɗannan. Ban da tsada, suna hana mutum koyon lissafi, kuma rabin wasan dat lissafi ne.

Kafin ka kara da kowa, ka duba yadda ka rataye allon nan, domin a nan yawancin masu koyo a gida suke cutar kansu ba su sani ba. Daga ƙasa zuwa cibiyar allon mita 1.73 ne. Daga fuskar allon zuwa layin da za ka tsaya mita 2.37 ne, kuma daga fuskar allon ake aunawa, ba daga bango ba. In kana son tabbatarwa, ja igiya daga cibiyar zuwa layin a karkace, ya kamata ta ba ka mita 2.93. Allon kirki da zaren wani tsiro da ake kira sisal ake yin sa, wanda ramin ke rufewa da kansa in an zare kibiya. Waɗanda ake sayarwa a kantunan kayan wasan yara, na takarda da aka naɗe, ba sa daɗewa ana jifansu suke yagalgalewa. Kada ka jiƙa allon sisal da ruwa ko da hunturu ya busar da shi, kumbura zai yi ya lalace. Abin da ake yi shi ne a riƙa juya shi lokaci lokaci, a mayar da zoben lambobin, don kada gidan 20 kaɗai ya cinye. Ka kuma shimfiɗa tabarma ko darduma a ƙasa, siminti da tayil suna dakushe bakin kibiya. Yara kuwa, a rufe ƙofa.

Game da ƙa'ida, tunda ka kalli wasa ka san kowa yana farawa da 501 yana raguwa zuwa sifili. Zoben waje siriri yana ninka lamba biyu, na ciki yana ninka ta uku, cibiya 50 ce, zoben da ke kewaye da ita 25. Mafi yawan abin da kibiya uku za su kawo 180 ne, wato ninki uku na 20 sau uku. Amma duk wannan share fage ne. Ba a rufe zagaye sai da ninki biyu ko cibiya, kuma in ka zarce abin da ya rage maka, ko ka bar 1, jifan ya tashi a banza. Shi ya sa za ka ga ƙwararru suna ƙoƙarin barin 32 ko 40. Dubi 32: ninki biyu na 16 kake nema, in ka kuskure ka faɗa 16 zalla saura 16, sai ka nemi ninkin 8, wanda ke maƙwabtaka da shi a allon, in ka sake kuskure saura 8, haka har ƙasa. Mafi girman abin da za a iya rufewa da kibiya uku 170 ne, amma 169 da 168 da 166 da 165 da 163 da 162 da 159 ba sa rufuwa ko kai wane ne. Wanda na'ura ke yi wa lissafi ba zai san ya kauce wa waɗannan ba sai ya faɗa ciki. Tsarin lambobin ma da gangan aka yi shi: 20 tana tsakanin 1 da 5, hannu ya ɗan karkace ka tashi da abin kunya.

Yanzu batun maguɗi. Ana yi, ba zan ɓoye maka ba. In babu kamara, mutum zai iya rubuta 140 alhali 41 ya samu. In akwai kamara a kan allo, wannan ƙofar ta rufu, amma wata tana buɗe: kamarar ba ta ganin ƙafa. Mai son zuciya zai iya matsowa taku ɗaya gaba, ba wanda ya sani. Na taɓa karawa da wani da kibiyoyinsa ke sauka a gidan 60, wato ninki uku na 20, kamar ana dasa su da hannu, tsakanin jifa da jifa ko numfashi babu, har inuwar hannunsa nake gani a gefen allon. Ban yi masa magana ba, na gama zagayen na fita. Gasannin intanet masu tsari suna neman kamara ta biyu da ke nuna mai jifa da layinsa, wasu kuma su sa ka auna nisan a gaban kamara kafin a fara. Duk da haka ginshiƙin abin amana ce, kuma mafi yawan waɗanda za ka haɗu da su mutanen kirki ne masu neman abokin atisaye kamar kai. Ladabin wurin shi ne kada ka zare kibiya sai ɗayan ya gani, in ta faɗo ƙasa ka faɗa da bakinka, in ka yi kuskuren shigar da maki ka gyara tun kafin a tambaye ka.

Inda nake so ka yi hattara shi ne gasar da ake cewa kowa ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe. A nan maguɗi ya fi yawa, kuma ka san hukuncin abin a wurinmu. Wasan nan a mashayun Ingila ya girma, har yau kamfanonin caca ne ke ɗaukar nauyin manyan gasanninsa da dama. Jifan kansa babu ruwansa da wannan, kuma ɗaya daga cikin alfanun yin sa a ɗakinka ke nan.

Su ma ƙwararrun sun taɓa yin wasa daga gida. Lokacin kullen korona, a watan Afrilun 2020, hukumar ƙwararrun 'yan dat ta PDC ta shirya gasar da 'yan wasa ke karawa kowa daga gidansa, waya na kallon allo. Gary Anderson, wanda ya ci kofin duniya sau biyu, da farko janyewa ya yi saboda intanet ɗin gidansa ba shi da ƙarfi, ka ga ba mu kaɗai ba ne. Luke Woodhouse ya rufe 501 da kibiya tara a ɗakin girkinsa yana karawa da Gerwyn Price. Kibiya tara ita ce mafi ƙarancin abin da zai yiwu, misali 180 da 180 sannan 141, kuma lokacin da John Lowe ya fara yin haka a talabijin a 1984 fam 102,000 aka ba shi. Nathan Aspinall ne ya ci waccan gasar ta gida. To amma lura da wannan: ba a sa sakamakonta a jadawalin matsayin 'yan wasa ba, kuma da aka sassauta kulle kowa ya koma zaure.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta ƙarshe. Amsar ita ce intanet zai iya gyara maka hannu, amma ba ya ba da tikitin gasar duniya. Hukumar PDC, wadda manyan 'yan wasa 16 suka kafa bayan sun ɓalle daga tsohuwar hukumar BDO a farkon shekarun 1990, ita ke shirya gasar da ka kalla, a zauren Alexandra Palace da ke Landan, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. 'Yan wasa 128 ne kawai ke riƙe da katin ƙwararru nata. Ana neman katin ne a gasar share fage ta watan Janairu, ɗaya a Ingila ɗaya a Jamus, ido da ido, ɗaruruwan mutane a zaure ɗaya, kuma wanda ya samu shekara biyu yake da ita ya shiga sahun 64 na farko ko ya rasa shi. Matsayi kuwa da kuɗin da mutum ya ci cikin shekara biyu ake auna shi. Akwai wata ƙofar: ana ware kujeru ga waɗanda suka ci gasannin share fage na yankunan duniya, har da Afirka. Devon Petersen na Afirka ta Kudu ya daɗe yana wakiltar nahiyar, a 2020 ma ya ci gasa a Jamus, sannan a Disamban 2025 David Munyua, likitan dabbobi daga Kenya, ya fitar da Mike De Decker na Beljiyam a zagayen farko. Ban da PDC akwai hukumar WDF, wadda ƙungiyoyin ƙasashe ke ƙarƙashinta, ita ma da tata gasar duniyar. Duk waɗannan hanyoyin sai ka je da ƙafarka.

Ba don ƙa'ida kaɗai ba. Akwai abin da ɗaki ba ya koyarwa. A gida kai ka san haskenka, ka san inda ƙafarka ke zama, babu mai tsaye a bayanka yana jiran ka kuskure. A zaure abokin karawarka yana iya zama mai sanyin jiki da zai sa hannunka ya huce, ko mai sauri da zai ja ka ka bar naka takun. Ga hayaniyar dubban mutane, ga zafin fitilu. Na ga masu jefa 180 a ɗaki kamar wasa, ranar da suka tsaya gaban mutum goma ninkin 16 ya koma musu kamar ramin allura. Phil Taylor bai ci kofin duniya 16 don ya fi kowa saiti kawai ba, hannunsa ne ba ya rawa a lokacin da na kowa ke rawa. A wasan ƙarshe na 2023 Van Gerwen ya jefa kibiya takwas ba kuskure, ta tara ta kauce wa ninkin 12, Michael Smith ya matso a zagayen nan dai ya cika tasa tara. Irin wannan zuciyar a gaban jama'a ake gina ta.

Don ka san inda kake, manhajar za ta nuna maka matsakaicin makinka na kowace kibiya uku. Sabon shiga yakan yi yawo tsakanin 30 da 40. Wanda ya kai 60 ya fara zama abin tsoro a unguwa. Manyan ƙwararru suna kaiwa 95 zuwa 100 da ɗoriya, Van Gerwen ma ya taɓa yin 123.40 a 2016. Kada ka bi wannan lambar kaɗai, ka riƙa duba kibiya nawa kake ɓatawa kafin ka rufe, don a nan ake cin wasa. Ka ware rabin lokacin atisayenka ga ninki biyu, kana zagaya allon daga 1 zuwa 20. Kibiya kuma ka nemi ta ƙarfen tungsten mai nauyin giram 22 zuwa 24 ka zauna a kanta, sauye sauye ba ya gyara hannu. A manhajar ka zaɓi waɗanda suka ɗan fi ka kaɗan. Da yamma bayan isha'i za ka fi samun mutane, tunda agogonmu da na Turai bambancinsu bai wuce awa ɗaya ba a yawancin ƙasashen. Su kuma abokan nan naka masu kiranka maharbi, ka gayyato biyu daga cikinsu ranar Asabar ka miƙa musu kibiya, ka sa ɗaya ya tsaya a bayanka yana surutu yayin da kake neman ninkin 16.