Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Wisconsin: makon farautar barewa

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma ina taya ka murnar samun gurbin karatun noma a jihar Wisconsin. Allah ya sanya albarka. Ka ce garin da makarantar take ƙarami ne, da ka duba a intanet sai ga hotunan dattawa da samari har da 'yan mata riƙe da bindigogi, ga barewa kwance a bayan a-kori-kura, Hajiya kuma ta gani hankalinta ya tashi. Ka kuma tambayi yadda baƙo yake yi idan hutun ƙarshen shekara ya zo kowa ya watse. A karkarar jihar nan hutun da farautar tare suke zuwa, don haka amsar ma a haɗe take.

Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba Amurkawa ke bikin godiya da suke kira Thanksgiving. A Wisconsin, farautar barewa da bindiga kwana 9 ce, daga Asabar ɗin da ke zuwa kafin bikin zuwa Lahadin da ke bayansa. Jihar ba ta cika mutum miliyan 6 ba, amma sama da dubu 500 ke yankar lasisin farautar nan duk shekara. Wasu makarantun karkara rufewa suke yi duk makon, don ko an buɗe aji ba zai cika ba.

Ga mutumin karkara wannan mako shi ne babbar Sallarsa. Ɗan da ke aiki a Milwaukee ko Chicago tun da wuri yake neman hutu ya dawo gida. Gidaje da yawa suna da wata bukkar katako a daji wadda suka gada kaka da kakanni, can dangi ke tarewa, a hura murhu, a yi ta hirar barewar da ta kuɓuce wa wane a shekarar kaza. Da asuba, cikin sanyin da ke sandarar da yatsu, kowa ya nufi inda zai laɓe, galibi wani ɗan dandamali a kan bishiya, ya zauna shiru sa'o'i. Yaron da ya harbo barewarsa ta farko, da labarinta zai tsufa. Masu shanun madara kuwa ba ruwansu da hutu, sai sun gama tatsar safe za su fita, kuma dole su dawo ta yamma. Ranar Alhamis a koma gida a ci talotalo da dankali, a kalli ƙwallon Amurka a talabijin, dattawa su yi gyangyaɗi a kujera. Naman barewar a firiza yake ƙarewa, a yanke shi ƙulli-ƙulli, gida ya yi watanni yana ci. Wanda ya samu fiye da buƙatarsa yana iya miƙa shi ga shirin da ke raba nama ga mabuƙata.

Ka gaya wa Hajiya abin na da doka mai tsanani. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya yi kwas na koyon farauta kafin ya fita shi kaɗai. Dole maharbi ya sa riga mai ƙyallin ruwan goro da ake hangowa daga nesa. A 2016 aka ƙara da ruwan hoda. Akwai lokacin fara harbi da safe da lokacin dainawa da yamma, kuma duk barewar da aka kashe sai an yi mata rajista da hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar. Ba na ce ba a samun tsautsayi ba, ana samu. Amma ɗalibin da ke cikin gari bai shiga dajin kowa ba, ba shi da abin tsoro daga mafarauta. Idan za ka taka ƙafa a bayan gari cikin makon nan, kai ma ka sa ruwan goro, kuma kada ka shiga filin mutum ba izininsa.

Kai da za ka karanta noma, ga abin da nake so ka zuba wa ido. A farkon ƙarni na 20 barewa ta kusa ƙarewa a wurare da yawa na Amurka saboda farauta ba ƙaidi da sare daji. Sai aka sa lokaci, aka ƙayyade adadi, a 1937 kuma aka yi dokar tarayya da ta mayar da harajin bindiga da harsashi ga kula da namun daji. Yau barewa ta yi yawan da take cinye wa manoma masara da waken suya, har farautar ta zama hanyar rage ta. Duk lokacin da na ga haka sai zuciyata ta koma gida, inda iyayenmu suka san barewa da gada a bayan gari, mu kuma sai dai a bakin mafarauta muke jin labarinsu. Mafarautanmu ba su gaza kowa sanin daji ba. Abin da muka rasa shi ne lokacin da za a ce kowa ya ajiye makami dabba ta hayayyafa, da hukumar da za ta tsaya a kan haka. Wannan darasi ya cancanci ka ɗauko shi tare da digirinka.

Maganar bindiga, ka yi nesa da ita a shekararka ta farko. Dokar tarayya ta hana mai bizar ɗalibi riƙe bindiga, sai a wasu keɓantattun halaye, ciki har da mallakar lasisin farauta mai aiki. Kada abokin kirki ya miƙo maka ita don ɗaukar hoto ka karɓa. Hoto ɗaya na iya jawo maka abin da zai taɓa bizarka.

Abinci kuwa sai ka yi tambaya da bakinka. Barewa halal ce, amma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta sharaɗi ne maharbi ya zama musulmi, ya kuma ambaci sunan Allah yayin harbi. Ka zauna da malaminka kafin ka taso. Abin da ke kama baƙi da yawa shi ne niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, da sandunan nama da ake rabawa a wurin aiki. Naman barewa ba shi da kitse sosai, don haka mahautan nan sukan gauraya shi da kitsen alade. A teburin Kirsimeti ma cinyar alade ce kan zama babban nama, a bukkar farauta kuma giya ba ta yankewa. Ka faɗi abin da ba ka ci tun ranar da aka gayyace ka. Matan karkarar nan, idan sun ji da wuri, kifi za su gasa maka daban, kuma za su ji daɗin yin hakan. Akwai kuma wata cutar ƙwaƙwalwa ta barewa da aka gano a jihar a 2002, shi ya sa mafarauta da dama ke kai kan dabbar gwaji kafin su ci.

Haɗarin da ya fi kusa da kai yana kan titi. Oktoba da Nuwamba lokacin barbararsu ne, suna tsallaka hanya ba ji ba gani, musamman da asuba da magariba, a ƙarshen Nuwamba kuma rana tun wajen ƙarfe 4:30 take faɗuwa. Idan ɗaya ta gifta, ka rage gudu, wata na biye da ita. Ka taka birki, kada ka karkatar da sitiyari.

Sai kaɗaici, wanda shi na fi jiye maka. Makarantar za ta yi tsit, ɗakin cin abinci na iya rufewa, wasu ɗakunan kwanan ɗalibai ma ana kulle su a hutun Disamba. Tun Oktoba ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka tambayi inda za ka zauna da abin da za ka ci. Ka nemi masallaci mafi kusa; akwai a Madison da Milwaukee, akwai 'yan'uwa Somaliyawa a garin Barron, birnin Minneapolis na jihar Minnesota da ke maƙwabtaka kuma cike yake da shagunan naman halal. Amma idan abokin karatunka ɗan manomi ya ce ka zo gidansu cin abincin bikin, don Allah kada kunya ta sa ka ƙi. Ka tafi da ɗan abin hannu, ko yajin da Hajiya ta daka maka ne. Ka shiga garken shanu a nuna maka tatsa, ka tambayi dattijon gidan yadda yake adana ciyawar hunturu. Rigar sanyi da takalmin dusar ƙanƙara kuwa kada ka saye su a gida, ka bari sai ka iso, na nan su ne aka yi domin sanyin nan.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.