Kada ka shafa fenti a bangon da bai zama naka ba

Ƙanena, saƙonka ya iso, Allah ya sanya albarka a aikin asibitin da ka samu a birnin Lesta na Ingila. Ka tambaye ni: idan ka iso ka ga gida, mai shi ya sallama, kuma babu kowa a ciki, za ka iya karɓar makulli ka yi fenti, ka shimfiɗa kafet, har iyali su tare kafin lauyoyi su gama takardu, don ka huta da kuɗin haya? Shawarata ita ce kada ka soma.

Na san inda tunanin ya fito. A gida, da zarar an yi ciniki gaban dillali da shaidu, ka ba da kafin alƙalami, sai a ce maka Allah ya sa rai aka yi wa, washegari ka turo magini. A Ingila "na sallama" ba ta ɗaure kowa. Dokar 1989 ta ce cinikin gida ko fili ba ya tabbata sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu. Kafin ranar da lauyanka da na mai gida za su yi musayar takardun yarjejeniya, yana da damar ya sayar wa wanda ya ɗora a kan tayinka, ko ya ce ya fasa kawai, ba zai biya ka ko kwabo ba. Kuma daga sallamawa zuwa wannan rana akan ɗauki watanni. Duk fentin da ka shafa a tsakanin nan, kyauta ka yi masa. (Sukotland tsarinta daban ne, maganar Ingila da Wales nake yi.)

Ranar musayar takardu za ka ajiye kuɗi, yawanci kashi 10 cikin 100 na farashin, a kuma tsayar da ranar kammalawa, wato ranar da za a biya cikon kuɗi gida ya zama naka, galibi mako ɗaya zuwa huɗu a gaba. Daga nan babu ja da baya, wanda ya fasa zai ɗanɗana kuɗarsa. Amma gidan bai dawo hannunka ba, ko da yake a yawancin cinikayya kai za ka fara biyan inshorarsa tun daga ranar. A wannan 'yar tazarar ce kaɗai ake ɗan samun ƙofa. Lauyanka zai iya roƙon a ba ka makulli bisa rubutaccen alkawari: ka shiga da rana ka yi awo ko aikin da aka lissafa, ka mayar da makulli ofishin dillalai da yamma, ba kwana, ba ajiye kaya. Lauyan mai gida sau da yawa zai ce masa kada ya yarda, kuma ban ga laifinsa ba. In ka tare da mata da yara sannan ciniki ya wargaje, fitar da kai na iya kai shi gaban kotu.

Akwai wani bawan Allah da muke sallar Juma'a tare, ya samu irin wannan izini. Ya ɓamɓare takardar bangon falo yana murna, sai ga danshi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har gindin taga. Ya riga ya sa hannu, babu zancen ragi. Ana cikin haka aikinsa ya samu tangarɗa, bankin da zai ba shi bashin ya janye. Aka ba shi wa'adin kwana 10 na aiki ya kawo cikon kuɗi, bai samu ba. Kuɗin kafin alƙalaminsa ya tafi, ga kuma mai gida na neman a gyara masa bangon da aka kware. Banki ba ya sakin kuɗi sai dab da ranar kammalawa, kuma har zuwa lokacin yana iya sauya ra'ayi.

Sai maganar haraji, wadda mutanenmu ba su cika sani ba. A Ingila, harajin sayen gida da ake kira Stamp Duty ana biyansa ne cikin kwana 14 da kammalawa. To amma in ka riga malam masallaci ka tare, hukumar haraji na iya ƙirga kwanakin daga ranar da ka karɓi gidan, ka makara ba ka sani ba, tara ta hau kanka. Kai da kake sabon zuwa akwai ƙari: tun Afrilun 2021, wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya ba cikin shekarar da ta gabaci sayen, ana ɗora masa kashi 2 cikin 100. Ana iya neman a mayar daga baya idan ka cika kwanakin, amma me ya kai ka? Ka yi shekara kana haya tukuna. Bankuna ma sun fi sakin jiki da wanda suka ga tarihin albashinsa a ƙasar.

Idan lokacin ya yi, kada ka sanar da mai gidan haya za ka tashi sai an yi musayar takardu. Ka bar mako biyu na haya su haɗu da makonnin farko na sabon gida. Kuɗi ne, na sani, amma a cikinsu za ka yi fentinka a tsanake, warin ya fita kafin yara su shigo.

Ranar kammalawa kuma ka shirya zaman jira. Motar kaya za ta tsaya a bakin titi, kai kana duba waya, sai kuɗin ya sauka a asusun lauyan mai gida sannan dillalai su miƙa makulli, yawanci tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu. Turawa sun fi son Juma'a saboda hutun ƙarshen mako. Kai ka roƙi Talata ko Laraba: ba za ka rasa masallaci ba, kuma in kuɗi ya maƙale a banki akwai gobe, ba sai Litinin ba. Ka gaida su Hajiya da amarya.