Azaba, Raɗaɗi ko Zogi: Wanne Ne Ya Dace da "Agony"?

Tambaya: Malam, ina karatun aikin jinya. A littattafanmu da bakin likitoci ina yawan jin an ce majiyyaci yana "in agony". Ƙamus ya ce mini azaba. Duk inda na gamu da kalmar, azaba zan ce?

Amsa: A'a, Malama, ba ko'ina ba. Idan Bature ya ce "agony", tsananin ciwon yake aunawa, bai faɗi irinsa ba. Ciwo ne da ya kai maƙura, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ƙunar wuta, karaya, naƙuda, tsakuwar ƙoda, duk da kalmar nan ɗaya yake kiransu. Tushenta Girkanci ne, "agon", wato gasa ko kokawa a dandali. Ta biyo ta Latin da Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14, kuma har yau akwai ɓurɓushin kokawar a cikinta: mai ciwon yana fama ne, yana murƙususu.

Bahaushe kuwa sai ya san yadda ciwon yake cin mutum kafin ya sa masa suna. Raɗaɗi a fata yake ko a buɗaɗɗen rauni, yana yaɗuwa da zafi: ƙuna, harbin kunama, barkono a ido, ko lokacin da ake wanke gyambo. Zogi, wasu su ce zugi, daga ciki yake bugowa, yana zuwa yana komawa tare da bugun jini. Shi ne na marurun da bai nuna ba, da ɗan karkare a yatsa, da haƙori mai kogo, kuma da dare ya fi hana sakat. Ciki murɗawa yake yi, kai sarawa, haƙarƙari suka, jikin da ya sha aiki kuma tsami.

Wannan rabe-raben zai yi miki amfani a bakin gado. Idan kika tambayi tsohuwa "Baba, azaba kike ji?", za ta ce e, ba ki ƙaru da komai ba. Amma ki ce "Raɗaɗi yake yi ko zogi?" Idan ta ce zogi, ga wurin ya kumbura ya yi zafi, kin sami abin faɗa wa likita, don sau da yawa alama ce mugunya ta taru.

Ita azaba daga Larabci muka aro ta, inda take nufin horo, kamar 'yar'uwarta uƙuba. Shi ya sa ake gana wa mutum azaba, ake maganar azabar kabari. A ce wanda ya ƙone yana shan azaba, daidai ne. Amma kada ki gaya wa dangin dattijon da ke bakin ajali cewa yana cikin azaba, kunnensu zai ji kamar kin yanke masa hukunci. Ki ce yana jin jiki, ko jikin ya yi tsanani. Abin da Turawa ke kira "death agony" shi ne magagin mutuwa, sautin da ke fita daga maƙogwaro a lokacin kuma gargara.

Tambaya: Malam, ina fassara labarai. Na ci karo da "agony" a kan iyayen da ɗansu ya ɓata, ba su san ko yana raye ba. Na rubuta baƙin ciki, amma ban gamsu ba.

Amsa: Kana da gaskiya da ba ka gamsu ba, Malam. Baƙin ciki ya yi faɗi, kuma yana nuna kamar abin ya riga ya auku. Ciwon zuciya a Hausa da lokaci ake raba shi. Kafin a san sakamako, zullumi ne: jira mai cin rai, ba barci, ko waya ta yi ƙara sai gaba ya faɗi. Wannan faɗuwar gaban ita ce fargaba. Iyayen nan suna cikin zullumi. Idan labari mara daɗi ya tabbata, sai a koma alhini da jimami, a ce raɗaɗin rashi. Idan kuma an san wanda ya yi cutar amma ba yadda za a yi da shi, takaici ke nan, wanda in ya daɗe yakan zama ƙunar rai.

Ka kuma yi hattara da baƙin ciki idan ya haɗu da "yi wa". "Yana baƙin cikin rasuwar ƙanensa" juyayi ne. "Yana yi wa ƙanensa baƙin ciki" hassada ce tsagwaronta. Masu fassara cikin gaggawa sukan faɗa wannan ramin.

Ba kullum Bature ke nufin abin da gaske ba. Takalmi ya matse shi, ko taro ya ƙi ƙarewa, sai ya ce "agony". A nan ka ce ya sha wuya, ko ya ji jiki. Mu ma muna irin wannan zuguguwar, tunda mukan ce azabar tsada, har ma azabar kyau. Idan ka ga "agonize" a kan yanke shawara, saƙa da warwara ce. "Agony aunt" kuwa, a Birtaniya, mace ce mai amsa wasiƙun masu karatu kan matsalolin aure da soyayya a jarida. Ka ce mai ba da shawara, kada ka haifar mana da gwaggon azaba.

Tambaya: Malam, "jiki magayi" karin maganar jaje ce? Na ji an faɗa wa wani mara lafiya, ya ɓata rai.

Amsa: Dole ya ɓata rai. "Jiki magayi" gargaɗi ne ga mai taurin kai: an faɗa maka ka ƙi ji, to jikinka zai faɗa maka. Wanda ya faɗa wa majiyyaci haka ya ce masa shi ya jawo wa kansa. Idan wata masifa ta hau kan wata, abin da ake cewa shi ne "ana kukan targaɗe sai ga karaya", ita ma a bayan ido ta fi daɗin faɗa. "Wuya ba ta kisa" ta dace da mai fama da talauci ko wahalar karatu, ba wanda ke kwance rai a hannun Allah ba. Shi wannan ba ya bukatar karin magana. Sannu ake yi masa, a ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne.