Kai yaro yaye gidan kaka: amsar tambayarki

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce uwar mijinki ta aiko daga ƙauyensu na ƙasar Ringim a kai mata yaron ta yaye shi, yanzu da ya cika wata 19, kuma kina tambaya ko al'adar nan dole ce, don ga damina ta kankama hankalinki bai kwanta ba.

Dole kam ba dole ba ce, amma magabata suna da dalili. Yaron da ke ganin uwarsa yana jin ƙanshin nono ba ya dangana, ita ma uwar da ya tsananta kuka cikin dare sai tausayi ya ci ƙarfinta ta mayar da shi. Shi ya sa ake nesanta su, wasu kwana 7, wasu har arba'in, a karɓo rubutun dangana wajen malam. Akwai kuma haƙƙin kaka a ciki, don girmamawa ce a damƙa mata jika. Saboda haka kada ki ce mata a'a. Abin da za ki nema shi ne a ɗaga lokaci, kuma maigidanki ne zai kai maganar, ba ke ba, da lafazi mai taushi.

Hujjarku a bayyane take. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ya kuma bar yaye kafin nan ga yardar uwa da uba bayan sun yi shawara. Ma'aikatan lafiya ma shekara biyun suke faɗa. Saura wata 5 ke nan, wanda zai kai ku bayan an yi girbi. Yanzu kuwa rumbu ya yi ƙasa, manya duk suna gona, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace, gudawa tana yawo gida-gida. Babu lokacin da ya fi wannan muni a raba yaro da nono. Ko da ciki ya shiga kafin nan, kada wani ya firgita ki da zancen nonon mai ciki guba ne. Abin da ke kwantar da yaran da ake cewa sun sha ciki shi ne cire su da ake yi rana ɗaya, alhali ba su iya cin abinci ba.

Watannin nan ki yi amfani da su. Ki fara janye nonon rana, ki sauke shan guda ɗaya, ki bar kwanaki ya saba, sannan ki sauke na gaba. Na dare shi ne ƙarshe. In kin yi haka ba ki buƙatar shafa ɗacin darbejiya ko maɗaci, kuma ke ma nonon ba zai yi miki tsami ya kumbura ba.

Abincin shi ne gaba da komai, kuma nan ake kuskure. Koko tsararo ruwa ne, yana cika ciki ba ya gina jiki. Ki auna gero gwangwani 3, waken suya 1, gyaɗa 1. Ki tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi baƙi ki zubar, ki soya kowanne daban, waken suyan ya soyu sosai ki cire ɓawonsa, sannan a niƙa su tare. In kin dama, ki ɗebo a cokali ki karkata shi: in ya zube kamar ruwa bai yi ba, sai ya tsaya yana sauka a hankali. Yaro mai wannan shekarun yana cin abinci sau 3 zuwa 4 a rana, kowane ci kusan cikin kofi, da ɗan abin taɓawa sau 2 a tsakani. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko zogale, wake da ya dahu luguf, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, dankalin Hausa, gwanda. Maganar wai ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe, ki ba shi. Kuma kwanonsa daban, babba na zaune kusa da shi. In aka haɗa shi tire ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun sharce. Kunun da aka dama da safe kada a ba shi da la'asar, madarar shanu kuma sai an tafasa.

Sai gidan da za a kai shi. Gidan tsohuwa ya daɗe rabonsa da mai tatata, an manta inda haɗari yake. Ku je ke da maigidan kafin ranar, ki durƙusa daidai tsayin yaron ki duba tsakar gida da idonsa.

Ruwa shi ne na farko. Rijiya a yi mata murfi mai nauyi wanda yaro ba zai iya turewa ba, ba tsohon kwano ko faifai ba. Bokiti da baho da aka gama wanki a kifar da su nan take, domin kan yaro yana da nauyi, yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya faɗa da ka ba ya iya ɗagowa, kuma ba a jin kukansa ko kaɗan. Ko ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ma yana iya hallaka yaro. Bakin masai a rufe, ƙofar zaure a sa mata ƙyaure, don kududdufan da aka haƙa ƙasar gini ba sa bushewa da wuri, balle ƙasa irin tasu ta fadama.

Wuta kuma, da yake lokacin zai faɗo bakin hunturu, ki kula da kaskon garwashi da tsofaffi ke shiga da shi ɗaki. Murhu a kewaye shi, tukunyar kunu ko ruwan zafi kada a sauke ta a tsakar gida a juya baya, toka ma tana riƙe zafi har wayewar gari. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba baƙin mai, kuma kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kwalabe. Kananzir da fetur da fiya-fiya ana zuba su a robar lemo a tura ƙarƙashin gado, yaro kuwa robar ya sani, bai san abin da ke ciki ba. Haka maganin feshi, da na ɓera, da ƙwayar da ake sa wa buhun wake bayan girbi, da magungunan hawan jinin ita tsohuwar. Duk a kulle su a akwati ko a ɗora can sama. In ya sha kananzir kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, saboda aman ne ke kai kananzirin huhu. A ɗauke shi da robar a tafi. Gyaɗa ɗai-ɗai, aya, ƙwallon dabino da na magarya kuwa ba nasa ba ne tukuna. In abu ya shaƙe shi ya kasa kuka, a kifa shi a cinya kansa ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafi sau 5.

Ki tambaya a fili wa zai riƙe shi in kaka ta shiga girki ko ta tafi unguwa. In amsar ita ce yarinya 'yar shekara 6 ko 7, to babu mai tsaro. Irinta tana iya goya shi ta yi masa wasa a gaban babba, amma da ta ji ƙawayenta a waje ta ajiye shi, kuma ba laifinta ba ne. Jaki, shanun huɗa, amalanke da babur duk a ƙofar gida suke.

A cikin kayan yayen, bayan tufafi da garin kunun, ki sa gidan sauro da katin rigakafinsa. Ki duba ko an yi masa allurar ƙyanda ta biyu, ta wata 15. Daminar nan kuma kada maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata ya wuce shi. Na kwana 3 ne, masu rabawa su ba da na farko, sauran biyun a hannunki suke. Ki sa ledojin ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, da ƙwayoyin zink: leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a ba shi rabin kofi bayan kowace gudawa, zink ɗin kuma ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10 ko da ta tsaya. Ki roƙi uwar mijin naki, in ta ga ya ƙi ci ya ƙi sha, ko idonsa ya faɗa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko zazzaɓi ya kai shi ga jijjiga, ta aiko a ranar, kada a ce kewar uwa ce. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa masa cokali a baki.

Ke kuma in nonon ya cika bayan tafiyarsa, ki tatse kaɗan don ki sami sauƙi, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki ɗaure ƙirji tamau. In wuri ɗaya ya yi tauri yana zafi ga zazzaɓi, ki je asibiti. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan jikan nawa.