Kawu, Ga Yadda Muke Sujada a Akara

Kawu, gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen Wusasa. Saƙonku ya iso ni. Kun ce an gaya muku a Gana akwai watan da ake hana ikilisiya kaɗa ganga, Kirista kuma sun yi shiru sun yarda, har kuna tambaya ko bangaskiyarmu ta yi sanyi ne. Wanda ya gaya muku bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauko zancen daga tsakiya.

Bari in fara da mu kanmu. A nan, in aka ce Bahaushe, to Musulmi ake nufi, mutumin zango. Hausa ce yaren Nima da Sabon Zango, unguwannin baƙi na nan Akara, ita ake ji wurin mai koko da mai tuwon zafi. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a garin nan, amma har gobe in na fito ran Lahadi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannu, sai wata ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ashe akwai irinku?" Mu 'yan kaɗan ne, yawancinmu daga Kaduna da Filato da Adamawa muka zo, kowa kuma ya shiga ikilisiyar da ke kusa da gidansa, wani Angilika, wani Metodis. Sau ɗaya a wata muke haɗuwa da yamma a wani ajin makaranta, mu yi waƙa da addu'a da harshenmu, mata su buga tulu yadda muka saba a zumuntar mata.

Yawancin ikilisiyoyin da muke zuwa suna ƙarƙashin Majalisar Kirista ta Gana. An kafa ta a 1929, ikilisiyoyi biyar suka fara ta, wato ta girmi TEKAN ta Jos, tarayyar ikilisiyoyi ta Najeriya, da shekara 26. Katolika suna da taron bishop-bishop nasu, 'yan Fentikos ma da tasu majalisa, amma in babban abu ya taso sukan yi magana da murya ɗaya. Labarinsu yana zuwar mana ta bakin magatakarda lokacin sanarwa, yanzu kuma ta WhatsApp: kiran addu'a kafin zaɓe, jan kunne a kan masu haƙar zinariya da suka ɓata ruwan koguna, wani lokaci ɗan gajeren wa'azi. A taronmu na wata-wata, wani dattijo kan juya mana su zuwa Hausa, domin tsofaffinmu da Turanci bai zauna musu ba.

To, maganar ganga. Ƙasar Akara ta mutanen Ga ce. Suna da bikin Homowo da suke yi wajen Agusta, tunawa da wata yunwa da Allah ya fid da kakanninsu daga cikinta. Kafin nan, daga watan Mayu zuwa farkon Yuni, bayan an yi shukar al'ada, sarakunansu kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda. A ƙarshen shekarun 1990 abin ya kai ga faɗa, har aka shiga wasu majami'u aka kwashe kayan kiɗa, aka ji wa mutane rauni. Shugabannin ikilisiya da sarakuna da hukuma suka yi ta zama a kai. Abin da ake bi yanzu shi ne, sujada ba ta tsayawa, amma sauti ba ya fita waje. Ba lasifika a bakin titi, ba wa'azin kan hanya da na'ura.

Shekarar farko abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ga kamar mun rusuna wa abin da ba mu gaskata da shi ba. Ran wata Lahadi a cikin watan, an tura ganguna lungu an rufe su da farin ƙyalle, muka tashi waƙa da murya zalla. A ranar na fara jin muryar wata tsohuwa da ta shekara tana zama a bayana, siririyar murya mai rawa, tana bin kowane baiti ba ta duba takarda. Fasto ya karanta Irmiya 29:7, inda aka ce wa waɗanda aka kai Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Ni baƙuwa ce a birnin nan, Kawu, ayar da ni take. Ba mu bauta wa abin da suke bauta wa, ba kuma wanda ya nemi mu yi. Maƙwabci ne ya roƙi shiru a ƙasar kakanninsa, muka ba shi, bakinmu bai fasa kiran sunan Yesu ba.

Kun kuma tambayi zamanmu da Musulmi. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun ɗan haura kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kusan kashi 20. A Ista ta 2019, Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Bahaushe ne shi ma, ya je majami'ar Katolika ta Christ the King yana cikin murnar cika shekara ɗari. An yi surutu a zango, wasu ba su ji daɗi ba, amma bai janye ba. Saɓani kam akwai, musamman a kan azumi da salla a makarantun mishan, sai dai akan kai shi gaban Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2011, malamai da fastoci da sarakuna suna ciki. Maƙwabciyata tana aiko mini da naman layya, ni kuma in kai mata shinkafa ran Kirsimeti, kamar dai yadda muka taso a Zariya.

Akwai abin da zai ba ku sha'awa. Lokacin godiyar kaka, akan yi baiko bisa ranar haihuwa. Mutanen Gana ma suna da sunan rana irin namu: Kofi shi ne Danjuma, Ama ita ce Asabe. Sai a kira 'yan Asabar, mu fito muna rawa da kuɗi a hannu, a ƙarshe a ƙirga a ga wace rana ta fi. Abin da ba mu ɗauka ba shi ne jana'izarsu. Sukan ajiye gawa makonni, har watanni, ana shirin taro. Mu kuwa in namu ya rasu, kwana biyu uku mun binne shi, kuma 'yan zango ne kan fara zuwa ta'aziyya.

Littattafan waƙoƙinmu sun yage, guda huɗu suka rage muna karɓa-karɓa. In an sami mai tahowa kafin Kirsimeti, don Allah ku sa a sayo mana goma a Zariya, zan turo kuɗin. A gaishe da Inna, a ce mata jikokinta suna iya karanta Zabura 23 da Hausa.

'Yarku,
Asabe