Tambaya da Amsa: Wane ne "Lord" ɗin filin kurket na Landan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya kamu da son wasan kurket, kullum sai na ji yana ambaton filin Lord's na Landan, wai shi ne gidan kurket na duniya. An ce mini "lord" sarauta ce a Ingila. Shin filin masu sarauta ne? Kuma tun yaushe yake? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ni ma na daɗe da wannan zato. Sunan ba na sarauta ba ne, sunan mutum ne, Thomas Lord, wanda aka haifa a 1755 a yankin Yorkshire. Ɗan wasa ne mai jifan ƙwallo, kuma ɗan kasuwa. Masu sarauta dai suna cikin labarin, domin su ne suka ƙosa da yin wasa a fili buɗe inda kowa ke tsayawa yana kallonsu, suka ce wa Lord ya nemo musu wurin da za a kewaye, in ya yi asara su biya. Ya buɗe filin a 1787 a unguwar Marylebone, a shekarar kuma aka kafa kulob ɗin kurket na Marylebone, wato MCC, wanda har yau shi ke riƙe da filin da dokokin wasan.

Filin da ɗanki ke gani a talabijin shi ne na uku. Na farko ya bar shi da kuɗin haya ya tashi. Na biyu bai daɗe ba, aka yanko hanyar ruwa ta Regent's ta ratsa tsakiyarsa. A 1814 ya sauka a St John's Wood, inda yake yanzu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk ƙaurar da ya yi sai ya sa a yanko ciyawar tsohon filin da ƙasarta, a kai sabon wuri a shimfiɗa. Mutumin ya san abin da 'yan wasa suka saba takawa.

Saura ƙiris filin ya salwanta a 1825, kuma a hannun mai shi. Lord ya yi niyyar gina gidaje a kai, sai William Ward, ɗan wasa kuma darakta a Bankin Ingila, ya biya shi fam 5,000 ya karɓi wurin. A shekarar ce kuma gobara ta cinye ɗakin 'yan wasa da tsofaffin takardun kulob ɗin. Jan ginin 'yan wasa da ake nunawa yanzu an kammala shi a 1890, shekara 6 bayan wasan Test na farko a filin, wato babban wasan ƙasa da ƙasa da ake shafe kwanaki ana yi, inda Ingila ta doke Ostireliya.

Ki tambayi ɗanki batun gangare, za ki ga ya gyara zama. Filin ba a miƙe yake ba, gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu da kusan mita 2.5. Ƙwallo in ta daki ƙasa sai ta bi gangaren, ko ta shigo wa mai bugu ko ta kauce masa, gwargwadon ɓangaren da aka jefo ta. Baƙin 'yan wasa na shan wahala kafin su gane kanta. A ganina daidai aka yi da ba a baje shi ba, domin a nan ake bambanta gwani da mai ƙarfi kawai. Akwai allo a ɗakin sauya kaya da ake rubuta sunan wanda ya ci maki 100 ko ya fitar da masu bugu 5 a zagaye ɗaya, amma shahararrun masu bugu Sachin Tendulkar na Indiya da Brian Lara na West Indies, duk da girmansu, ba su ci ɗari a wasan Test a nan ba.

An yi wasan ƙarshe na Kofin Duniya na maza sau 5 a filin. West Indies ta tsibiran Karebiyan ta ɗauka a 1975 da 1979, Indiya a 1983, Ostireliya a 1999. Na 2019 har yanzu ina jin zafinsa: Ingila da Niyu Zilan suka tashi da maki 241 kowanne, aka ƙara zagayen raba gardama suka sake yin kunnen doki, sai aka ba Ingila kofi don ta fi yawan bugun da ya kai iyakar fili. Daga baya an soke wannan doka.

Tun da ke ce kika yi tambayar, Hajiya, ba zan ɓoye miki wani abu da ba na yaba wa kulob ɗin a kai ba. Mata ba su buga wasa a Lord's ba sai 1976, kuma sai a 1998 MCC ta kaɗa ƙuri'ar karɓarsu a matsayin mambobi, bayan shekara 211 da kafuwarta. Da aka buɗe ƙofar, a 2017 filin ya cika maƙil don wasan ƙarshe na Kofin Duniya na mata, Ingila ta doke Indiya da maki 9.

Filin na ɗaukar mutum kusan 31,000. A watan Yunin 2025 Temba Bavuma, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin Afirka ta Kudu na dindindin, ya ɗaga kambun duniya na wasan Test a nan bayan doke Ostireliya. Ki gaishe mini da ɗan naki.