Amsa Ga Almajirina Kan Wanda Ragin Haraji Ya Fi Amfana

Ɗana, ka tambaye ni abin da za ka faɗa wa ma'aikacin nan na Kawo da ya kawo maka takardar albashinsa yana cewa an yi ta shelar rage haraji amma shi bai ga wani sauyi na a zo a gani ba, har ya fara zargin cewa masu hannu da shuni aka yi wa gata. Kada ka yi masa musu kuma kada ka gaskata shi, sai ka ɗauki biro ka lissafa masa harajinsa sau biyu, da tsohuwar doka da sabuwa, domin a wannan sana'a tamu ta lissafin haraji kason da aka ambata a rediyo ba ya nuna abin da zai rage a aljihun mutum.

Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka ake hawa mataki-mataki har abin da ya haura miliyan 50 ya kai kashi 25. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne an soke tsohon rangwamen da ake yi wa kowa kafin a fara lissafi, wato kashi 20 na kuɗin shigarsa haɗe da naira 200,000 ko kashi 1, duk wanda ya fi yawa. A madadinsa aka kawo rangwamen haya, kashi 20 na kuɗin hayar shekara, wanda ba zai wuce naira 500,000 ba.

Yanzu ka ajiye maganar fansho a gefe don lissafin ya fito fili. Mai albashin naira 100,000 a wata yana biyan 78,000 a shekara a da, yanzu 60,000 zai biya, ya samu sauƙin 18,000. Mutuminka na Kawo mai ɗaukar 300,000 a wata, a da tsohon rangwame yana kare masa naira 920,000, sai harajinsa ya tsaya a 450,800. Yanzu kuma, idan ba ya zaman haya, 438,000 ne. Ragin 12,800 ke nan a shekara guda, wato dubu ɗaya da 'yan kai a wata, abin da bai kai kuɗin Keke Napep na mako ba. Ka ga ashe bai yi ƙarya ba da ya ce bai ji a jikinsa ba, kuma wanda bai kai shi albashi ba ya fi shi samun sauƙi. Wannan ne halin masu matsakaicin ƙarfi a dokar, domin abin da aka ba su ta hannun dama an karɓe mafi yawansa ta hagu.

Inda ya yi kuskure shi ne zargin da ya yi game da manya. Mai albashin miliyan 60 a shekara yana biyan naira 11,168,000 a da, yanzu kuwa 12,930,000, ƙari ya samu ba ragi ba. Ya bambanta da abin da aka yi a Amurka a 2017, inda aka sauke kaso mafi girma daga 39.6 zuwa 37. Ka riƙe wannan ƙa'ida duk lokacin da aka kawo wata shawarar ragi: idan a matakin ƙasa aka rage, kowa zai ci moriya har da attajiri, tunda shi ma kuɗinsa ta nan suke bi kafin su hau, idan kuwa a matakin sama aka rage, sai wanda ya kai can ne kawai zai amfana.

Duk da haka ina tausaya wa ma'aikaci, domin shi tun kafin albashi ya shiga asusunsa an cire PAYE, wato harajin albashi, an miƙa wa hukumar tara haraji ta jiha, alhali babban ɗan kasuwa shi ne ke bayyana ribarsa da kansa. Saboda haka kada ka bari kwabonsa ɗaya na halal ya salwanta. Ka tambaye shi ko haya yake biya. Idan naira 600,000 ce a shekara, za a cire masa 120,000 kafin lissafi, harajinsa ya sauko zuwa 416,400. Ka ce ya kawo rasit da takardar yarjejeniyar haya, ka kuma duba ko an cire kashi 8 na fanshonsa kafin a ɗora masa haraji, sannan ka kawo mini lissafin in duba kafin ka miƙa masa.